Sabar da Ta Ƙi Tashi Babu Shaida

Baba Injiniya, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali, ka gafarce ni da na dame ka. Mutumin da ya aje aiki ya koma hutawa bai cancanci a bi shi gida da matsalar ofis ba. Sau uku na zauna rubuta maka wasiƙa, duk ukun na yaga, don kowacce in na sake karantawa sai in ga na wanke kaina a ciki. Shi ya sa na ɗauki hoton shafukan littafina na kaina yadda suke, ban goge ko harafi ba. Ba don idon kowa na rubuta su ba. Abin da bai shafe ka ba a ciki, ka yi haƙuri da shi.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe 9:20 na safe

Gwaggo ta ƙi tashi.

Haka kowa ke kiran sabar nan tamu, wato babbar kwamfutar ajiyar bayanai, a rumbun magani tun zamanin Baba Injiniya, saboda nauyin jikinta: ka kunna ta, ka je ka haɗa shayi, ka dawo ka tarar tana miƙa. Amma dai tana tashi. Shekara tara ina kula da ita, ba ta taɓa yi mini haka ba.

Wuta ta ɗauke, batirin ajiya ya riƙe ta har ya ƙare. Da na iso na danna mata, farin rubutu ya riƙa gudu a baƙin sikirin kamar kullum, ya zo wani wuri ya tsaya cak. Ta yi jim kamar mai jiran wani, sai ta kashe kanta. Sau huɗu ke nan.

A cikinta lambobin ɗakin sanyi suke. Ma'aunin zafi yana aiko mata lamba duk bayan minti goma sha biyar. Ran Alhamis, 27 ga wata, mai dubawa zai zo ya karanta lambobin wata guda ya sa hannu, sannan mota ta ɗebi allurai zuwa ƙananan asibitoci, ta masu ciwon suga da ta saran maciji. Ba lambobi, ba sa hannu. Ba sa hannu, ba mota.

Abu na ƙarshe da aka taɓa a jikinta, ni na taɓa. Ran Juma'a na cire manhajar bin diddigi, wadda Baba ke ce wa Shaida, mai rubuta wa ya shiga, me ya canza, ƙarfe nawa. Manaja ne ya ce in cire, wai ita ke sa Gwaggo nauyi.

Litinin, bayan la'asar

Faifan ajiyarta huɗu, fitilunsu duk kore. Na cire wayoyi na mayar ɗaya bayan ɗaya. Na busa ƙura. Na canza igiyar wuta. Wuri ɗaya take tsayawa.

Manaja ya zo ya jingina da ƙofa, hannu a aljihu.

"Malama, ke ce ta ƙarshe da kika taɓa ta ko?"

"Ni ce, ranka ya daɗe. Na cire abin da ka ce in cire."

"Ni? Ni dai cewa na yi ki duba abin da ke sa ta nauyi. Fannin ki ne, ni me na sani?"

Ya yi murmushi ya wuce. Ba haka ya faɗa ba. Sunanta ya kira, ya ce a cire Shaida kafin a tashi aiki. Amma babu takarda. Ni da ko linzamin kwamfuta ba na canzawa sai an sa mini hannu, ni da ake yi wa laƙabi da Malama Kawo-takarda a bayan idona, ran nan ban nemi takarda ba. Na buɗe littafin aiki, shafin Juma'a fari fat. Ban rubuta ba.

Me ya sa? Zan dawo kan wannan.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe 11:00

Na zana layuka a takarda na kai ɗakin sanyi, a riƙa rubuta lamba da hannu kowace awa har Gwaggo ta tashi. Auta na miƙa wa. Ƙanina ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ke kula da ɗakin sanyi da janareta. Furfura ta fara fito masa a gemu, 'ya'yansa huɗu, amma har gobe Auta muke ce masa. Ni na kawo takardunsa nan shekara shida da suka wuce, ni na tsaya masa.

Ya karɓa, bai dube ni ba. Har na juya ya ce, "Yaya, wai ta mutu ke nan gaba ɗaya? Har abin da ke cikinta?"

Na ce ban sani ba tukuna.

Ya ce, "Allah Ya kyauta." Na saurari muryar sosai, ko zan ji jimami a ciki. Ban san abin da na ji ba.

Zato zunubi ne, ko da ya zama gaskiya.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe 1:15 na rana

Manaja ya kawo mai gyara daga waje, bai shawarce ni ba. Wani gajere mai teɓa da ake kira Yanzu-yanzu, don ba a taɓa tambayarsa yaushe aiki zai ƙare ya ba da wata amsa ba. Ya shigo da jaka yana taunar cingam, ya danna Gwaggo, ya jira ta mutu, ya tafa hannu.

"Hajiya, wannan ai wanka take so. A wanke ta tas, a zuba mata sabo. Yanzu-yanzu."

Na ce, "Lambobin da ke ciki fa?"

"Wanda ya yi wanka yana tambayar ina dauɗa ta tafi?"

Manaja ya yi dariya har da buga ƙafa. Abin bai kai a yi masa irin wannan dariyar ba. Ya ce, "Ai ba komai, Malama. Sai a cike takardun wata da hannu. Mai dubawa mutum ne mai fahimta."

A cike daga ina? Daga kan wa?

Na ce a hankali, a rubuta mini, a sa hannu, cewa an umarce ni in bari a share lambobin wata guda. Yanzu-yanzu ya dubi Manaja, Manaja ya dubi agogo. Ya ce za mu sake magana.

Da suka fita na kulle ɗakin, na ɗaure mabuɗin a gefen mayafina. Ban saba musu da na gaba ba.

Alhamis, 13 ga wata, da hantsi

Ba ta tashi ba. Mutum uku sun tambaye ni inda mabuɗi yake. A da ba mai tambaya.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe 5:30 na yamma

A gida. Na goge wa Inna jiki, na shafa mata man zafi a ƙugu. Mako biyu ke nan gobe da faɗuwarta a banɗaki, har yanzu sai an ɗaga ta. Bakin dai lafiya lau. Ta ce hannuna kamar na mai dambe, Auta ya fi ni iya ɗaga mutum.

Ta ce, "Yaron nan ba don shi ba, da a banɗakin nan zan ƙare. Ya zo a guje ko takalmi bai ɗaura ba. Kwana ya yi a tsaye a asibiti. Ke kuwa sai kuka da danna waya."

Na ce, "Inna, in ƙara miki matashi?"

Ta ce, "Ina magana kina matashi. Me ke damun ki ne kwana biyu, kin zama kamar kazar da ruwa ya daka?"

Na ce aiki ne. Ta ce aikin na'ura ma har yana sa mutum ramewa? A zuba mata mai mana.

Asabar, 15 ga wata, bayan azahar

Ina wanki na tuna malaminmu na allo, Allah Ya jiƙansa. In ka yi kuskure a rubutu ka sa yawu ka goge ka gyara a ɓoye, ba ya ma karantawa. Sai ya karkata allon ga hasken ƙofa, ya nuna wurin da yatsa. Ya ce inda aka goge ya fi ko'ina haske, shi ke tona kansa. Bai taɓa dukana don kuskure ba. Sau ɗaya ya dake ni, don gogewa.

Ban san abin da ya kawo mini wannan ba.

Na sani.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe 10:40 na safe

Na tayar da Gwaggo daga filashi, yadda Baba ya koya mini, ka shiga gida ta taga ka bar ƙofa a kulle. Faifan lafiyarsu ƙalau. Komai yana nan. Ashe ba cuta ba ce a jikinta, ƙi take yi.

Na kwafe lambobin wata, na buɗe. Ɗakin sanyi numfashi yake yi, duk wanda ya daɗe yana kallon lambobinsa ya san haka. Uku da ɗigo takwas, huɗu da ɗigo ɗaya, a buɗe ƙofa ya haura biyar, a rufe ya sauko. Haka shafi bayan shafi.

Sai Asabar, 1 ga wata, daga ƙarfe sha ɗaya na safe. Huɗu. Huɗu. Huɗu. Huɗu. Ba ɗigo, ba motsi, har Lahadi ƙarfe huɗu na yamma. Awa ashirin da tara, sumul kamar an yi musu guga.

Tunda littafina ne, bari in faɗa. Ba yau na fara ganinsu ba. Na gan su tun ran Litinin, 3 ga wata, kwana huɗu kafin in cire Shaida. Na gani, na rufe shafin, na tashi na je na yi alwala ba lokacin salla ba.

Masu ikon gyara lamba a na'urar nan mu uku ne. Manaja, mai kula da ɗakin sanyi, da ni.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe 8:05 na safe

Mai shara ta same ni ni kaɗai. Dattijuwa ce, gaisuwa kawai ke haɗa mu. Yau ta daɗe tana goge wuri ɗaya a bakin ƙofata, har na ce, "Iya, ai ya fita."

Ta ce, "Malama, tambaya gare ni, ni ba ilimi ne da ni ba. Ɗakin sanyi yana yin gumi?"

Na ce kamar yaya.

"Litinin ɗin farkon wata, ruwa na tarar kwance a ciki. Sau shida ina matse tsumma. Kwalayen ƙasa duk gindinsu ya jiƙe, aka sauya musu wasu. Aka ce mini in share abin da na gani tare da ruwan."

"Wa ya ce miki?"

Ta ɗauki bokitinta. "Bakina bai kai nan ba. Ni dai maigidana ciwon suga gare shi. A ƙaramin asibitin unguwarmu yake karɓar allurarsa. Motar nan taku ce ke kai musu."

Ta tafi. Na bi ta da kallo ina tunanin ko turo ta aka yi a ji cikina. Kai, wannan hali da na shiga! Tsohuwa ta zo da tsoron mijinta, ni ina auna ta. Astagfirullah.

Ni ba masaniyar magani ba ce. Wataƙila alluran ba abin da ya same su. Wataƙila sun zama ruwa. Ba aikina ba ne in sani, aikin mai dubawa ne. Amma da me zai sani, in huɗu-huɗu aka ba shi?

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe 2:50 na rana

Na gano.

Kwana biyu ina bin rubutun umarnin da take bi wajen tashi layi-layi da yatsa, kamar mai tilawa. A can ƙasa akwai layi ɗaya da ke cewa: kafin a buɗe komai a nemi Shaida, in ba a same ta ba a jira daƙiƙa talatin a kashe. A samansa Baba ya bar 'yar magana da hannunsa, har ina jin muryarsa: "Kada a cire wannan. Babu shaida, babu aiki."

Ran Juma'ar da na cire ta ba abin da ya faru, don Gwaggo a kunne take. Sai da wuta ta kashe ta, ta zo tashi, ta nemi Shaida ta rasa. Jim ɗin nan da take yi, ashe jira ne.

Gyara iri biyu ne. Ko a goge layin nan, aikin minti ɗaya, ta tashi ba Shaida, huɗu-huɗu su tafi gaban mai dubawa da wankakkiyar fuska. Ko a mayar da Shaida, wannan kuwa sai da lambar mabuɗin da ke hannun Baba.

Akwai abin da Manaja bai sani ba. Ran da nake cire ta, ta tambaye ni ko a share tsohon rubutunta ma. Na daɗe da yatsa a sama. Na danna a'a. Rubutun yana nan a kulle, ba mai iya karanta shi sai ita. Ranar da ta dawo, za ta faɗi sunan wanda ya yi wa lambobin nan guga.

Na kai alamar rubutu farkon layin. Na zauna ina kallonta tana ƙiftawa har aka kira la'asar. Na kashe na fita.

Ban gaya wa kowa ba.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe 12:30

Manaja ya kira ni ofis, har da tura mini kujera. Ya tambayi jikin Inna. Ya ce shi ma ya yi jinyar uwa, ya san zafin abin. Ya ce in ɗauki hutun mako guda in kula da ita, lada ne, aiki ba ya ƙarewa.

"Sai ki bar mabuɗin wajen masinja."

Na ce na gode, Allah Ya saka da alheri, amma akwai masu taya ni a gida.

Ya ce, "Malama, kin san in abu ya ɓaci a rumbun nan, ba Manaja ake fara kamawa ba. Daga ƙasa ake farowa. Ni tausayin wasu nake ji." Ya faɗi wasu ɗin yana kallon taga, wajen ɗakin janareta.

Da zan je salla na hango su biyu a bayan ɗakin janaretan, shi da Auta. Manaja na magana da hannu, Auta kansa a ƙasa. Suna ganina suka koma duba tankin mai. Tankin da aka cika jiya.

Zato zunubi ne. Na faɗa sau nawa yau, ban ƙirga ba. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Juma'a, 21 ga wata, da safe

Ban goge layin Baba ba.

Juma'a, da yamma

Ban goge ba, amma na sake buɗe shi na kalla. Wannan ma a rubuta.

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe 4:20 na yamma

Auta ya zo duba Inna. Ya ɗaga ta ya zaunar, ya yanke mata farce, tana tsokanarsa wai gemunsa ya riga hankalinsa tsufa. Suna ta dariya. Ni ina tsakar gida ina kwashe shanya. Da ya fito ya kama mini bakin zanin gado muna ninkewa, kamar muna yara.

Ya ce, "Yaya, an ce kin san abin da ke damun ta."

"Wa ya ce?"

"Fuskarki. Tun muna ƙanana in kin ɓoye abu sai ki riƙa yawan gaisuwa."

Na ce, "Ran Alhamis ɗin nan da ka tambaye ni ko Shaida kowa take rubutawa, har ranar hutu, me ya sa ka tambaya?"

Ya ce, "Ke da na tambaya, washegari me ya sa kika cire ba takarda?"

Muka haɗa bakin zanin. Hannunsa ya taɓa nawa, sanyi ƙalau.

Ya rage murya don kada Inna ta ji. "Wa ya kira ni ran Asabar ɗin? Sau goma sha ɗaya, yana nan a wayata. Na ce miki ni kaɗai ne a bakin aiki, an ɗauke wuta, janareta na tari, ki nemi maƙwabta. Me kika ce mini?"

Na karɓe zanin na juya masa baya. Amma a nan zan rubuta, don na daɗe ina zagaye shi kamar mai zagaye rijiya. Cewa na yi: allurai ne suka haife ka?

Ya taho. Ya ɗauki Inna a hannu. Ya kwana a asibiti, ya wuni, don ni na kasa tsayawa gaban likita ba kuka. Sai Lahadi da yamma ya koma.

Na ce, "Auta, kai ka taɓa lambobin?"

Ya ce, "Mako uku ba ki tambaye ni ba, kada ki fara yau. Amma ke kin tabbata sunan wa zai fito? Ke da kike rubuta komai. Kalmar sirrinki tana bangon littafin aikinki, littafin yana aljihun tebur, aljihun ba ya kulluwa. Har masinja ya sani."

Ban san ko gargaɗi ne, ko barazana, ko tausayi ba. Ɗan'uwana ne, na goya shi a bayana, yau ina juya maganarsa kamar ta baƙo.

Inna ta ɗaga murya daga ɗaki: "Ku biyun nan ƙus-ƙus ɗin me kuke yi? In gadona kuke rabawa, tabarma ce da buta, ku jira in mutu!"

Auta ya yi dariya. Ni ma na yi. Allah Ya gani.

Lahadi, 23 ga wata, da hantsi

Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Haka aka ce.

Mijin mai shara ma hannun wani ne.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe 9:00 na safe

Na buɗe littafin aiki, na koma shafin Juma'a 7 ga wata, farin nan. Ban rubuta kamar a ranar na rubuta ba. Na sa kwanan watan yau a gefe, na ja layi, sannan na rubuta: Na cire Shaida ƙarfe uku da rabi, bisa umarnin baki na Manaja. Ban nemi takarda ba. Na riga na ga lambobin 1 da 2 ga wata kafin in cire, kuma na ji daɗi da aka ce in cire.

Jimlar ƙarshen nan ta fi sauran wuyar fita. Na sa hannu.

Wannan ne abin da na ce zan dawo kansa.

Litinin, ƙarfe 1:40 na rana

Manaja ya aiko masinja da saƙo, wannan karon ma da baki. Ran Laraba da safe Yanzu-yanzu zai zo ya wanke Gwaggo. In ban ba da mabuɗi ba za a kira kafinta ya ɓalle ƙofar.

Na je ɗakin sanyi. Auta na tsaye yana cike takardar awa-awa, huɗu da ɗigo biyu, ya rubuta daidai abin da ma'auni ya nuna, na duba. Na ce masa zan aika wa Baba Injiniya ya turo mabuɗin Shaida. Na ce ban so ya ji a bakin wani ba. Na ce duk sunan da ya fito, zan tsaya gaban mai dubawa in faɗi wadda ta yi kira sau goma sha ɗaya, da abin da ta ce.

Ya mayar da murfin biro.

Ya ce, "Inna ta sha maganinta na rana kuwa? Ki kira gida, yaran nan mantuwa gare su."

Na kira. Ba ta sha ba.

Litinin, bayan la'asar

Baba, iyakar shafukan ke nan. Wanda zai yi maka wanka ba ka ɓoye masa cibiya, shi ya sa ka ga har abin da ban so kowa ya gani ba.

Ba yadda ake goge layinka nake tambaya ba, wannan na iya. Lambar mabuɗin Shaida nake roƙo, da matakan mayar da ita yadda za ta karanta tsohon rubutunta ba tare da ta taka shi ba. Ban san sunan da za ta faɗa ba. Ko na Manaja, ko na Auta, ko nawa. Na daina zato, na gaji da shi, ita ta faɗa.

Mabuɗin ɗaki yana gefen mayafina har safiyar Laraba, bayan nan ƙofa ce da kafinta. Wayata tana hannuna, ba zan aje ta ba. Don Allah, Baba, ka amsa mini da wuri.